Lambun Akwati a Kan Daɓen Siminti: Nazarin Wata Asara a Daura

Lambun akwati, wato shuka kayan miya a cikin akwatin katako da aka cika da ƙasa aka ɗora a kan daɓe, dabara ce ta magidancin da ya kashe kuɗi ya rufe ƙasar tsakar gidansa da siminti, sannan ya sake kashe wasu ya sayo ƙasa ya zuba a sama. A Daura, inda iskar hunturu ke kai wa mutum rairayi har cikin ɗaki kyauta, wannan ciniki yana buƙatar bayani, kuma babu misalin da ya kai na wani malamin makaranta mai ritaya wanda tsadar tumatir ta shekarar 2024 ta tunzura.

Sharaɗi na farko a wannan fanni shi ne mafitar ruwa, domin siminti ba ya shan ruwa, saboda haka ake huda gindin akwati a kuma ɗaga shi a kan bulo. Kafintan da Malam ya ba aikin bai taɓa jin wannan sharaɗi ba, kuma da yake mutum ne mai kishin sana'arsa, sai ya haɗa akwati wanda ko tururuwa ba ta samun hanya, har da murfi da wurin sa kwaɗo. Ruwa ya kwanta, saiwa ta ruɓe, irin farko ya mutu a tsaye. Da aka gano illar aka huda gindin da ƙusa, sai ruwan taki, wanda ɗanyen kashin kaji ya ba launi da ƙamshi, ya bi gangaren daɓen bisa ƙa'idar da birkila ya tsara, ya tsaya daidai ƙofar madafi. A nan ne uwargida ta gabatar da tambayar da har yau ba a amsa ba: "Malam, lambu ka yi mana ko kwata?"

Sharaɗi na biyu ya shafi zafi. A bazara, tsakanin Maris da Mayu, zafin Daura yakan haura digiri 40, siminti kuma yana riƙe shi har bayan isha'i, ga shi tumatir yana son zurfin ƙasa da bai gaza ƙafa ɗaya ba, alhali na Malam bai wuce tafin hannu ba. Labarin gargajiya ya nuna cewa a zamanin Daurama mutanen garin sun haƙura da ɗiban ruwa a rijiyar Kusugu ranar Juma'a kaɗai, amma akwatin nan safe da yamma yake sha, har mai ga-ruwa ya daina sallama ya koma turo kurarsa kai tsaye, kuma shi ne mutum na farko da lambun ya ciyar.

Ta biyun ita ce jar akuyar maƙwabta, wadda ta lura cewa ɗaga akwati a kan bulo ya kawo alayyafo da salak ɗin da Malam ya shuka daidai tsayin bakinta, ta kuma kammala girbi tsakanin azahar da la'asar. Akwatin yana nan da ƙarfinsa, kafinta bai yi ha'inci ba, kuma a cikinsa ake zuba wa ragon layya dusa da harawa.