Kare da Aiki, Mai Bindiga da Kirari

Ina da ƙara da zan shigar gaban jama'a, a madadin wanda ba ya iya magana sai haushi. Duk shekara idan an gama girbi, hunturu ya kankama, gafiya ta fara zagaya rumbu, gyazbi ya addabi masu rake a fadama, sai ka ga samarin gari sun yi ɗamara da dare: fitila ɗaure a goshi, bindigar toka a kafaɗa, layu cike da damtse, karnuka na biye a baya ana iya ƙirga haƙarƙarinsu. Da asuba su dawo ana busa ƙaho, an rataye gafiya a bakin bindiga don kowa ya ɗauka ita ta kashe ta. Ni kuwa a ganina, a wannan tafiya kare ne mafarauci, mai bindiga ɗan rakiya ne, ita bindigar kuma kaya ce da ake saɓawa don kada a ce an fita hannu rabbana.

Mu fara da bindigar kanta. Harba-ka-ruga ba ta san gaggawa ba. Sai an zuba albarushi ta baki, a cusa tsumma, a daddanna da ƙarfe, a zuba dalma ko guntayen ƙusa, a sake toshewa, sannan a yi bisimilla a taɓa kunama. Duk wannan hidima harbi ɗaya tak take haifarwa. In raɓa ta taɓa albarushin, sai ta ce ƙyas ta yi shiru, a bar mutum tsaye yana kallon gafiya, gafiya na kallonsa. In kuma hannu ya zarce wajen zubawa, sai ta yi magana ta gaba da ta baya lokaci guda, maharbi ya zauna daɓas, fuska baƙi ƙirin, gira ta riga shi zuwa lahira. Ita kuwa abokiyar gabar tasa nauyinta bai cika wuce kilo ɗaya da rabi ba, tana kusa da raminta, ramin kuma ƙofarsa ba ɗaya ba ce. In an kuskure ta, ƙarar ta riga ta sanar da duk dabbar da ke dajin cewa a koma gida. In an dace an same ta daga kusa, abin da ya rage bai isa a kai wa yara tsaraba ba.

Sai maganar fitila. Abin da take nuna wa mai farautar dare shi ne idanu biyu na ƙyalli cikin duhu, ba ta faɗin na wane ne. Idon gada na ƙyalli, na kyanwa na ƙyalli, haka na akuya da na jaki. Kowa ya san yadda irin wannan dare yake ƙarewa. Wani zai raɗa, "Yaya, ga ta can!" Yaya ya saki wuta, a ruga da murna, a tarar da akuyar tsohuwa mai ƙosai kwance da igiyarta a wuya. Gari na wayewa sai zauren mai unguwa. Maharbi ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, wallahi idonta idon gada ne." Mai unguwa ya ce, "Na yarda, ɗana, amma kuɗinta kuɗin akuya ne." Wannan ma sa'a ce, domin wani lokaci abin da ya motsa cikin ciyawa abokin tafiya ne, a nan kuwa dariya ba ta da wurin zama. Kare ba ya wannan kuskure, don ba da ido yake aiki ba. Hancinsa na ɗauke da ƙwayoyin jin wari sama da miliyan 200, na ɗan Adam kuwa wajen miliyan 6. Shi ke gano ramin da ke da mai gida a ciki, shi ke tonawa, shi ke tsare ɗaya ƙofar, shi ke shan cizo a hanci, kuma bai taɓa neman albarushi ba.

Na san wani zai ce laifin tsohuwar bindiga ne, a ba su ta zamani a ga aiki. To an taɓa gwadawa, kuma ba da samarin ƙauye ba. A 1932 wasu manyan tsuntsaye masu kama da jimina, waɗanda ake kira emu, kimanin 20,000 suka afka wa gonakin alkama a yammacin Ostireliya. Gwamnati ta tura sojoji ƙarƙashin Manjo Meredith da bindigogi biyu masu sarrafa kansu. Da an saki wuta sai tsuntsayen su watse ƙungiya-ƙungiya, kowa ya kama gabansa. Aka ɗora bindiga a kan mota, motar ta kasa cim musu, gargada kuma ta hana mai harbi saiti. A ƙarshe rahoton da Manjon ya bayar da kansa ya ce harsashi 9,860 ya kashe tsuntsu 986, wato harsashi goma kan kowane ɗaya, sojoji suka tattara suka koma bariki, tsuntsaye suka koma kan alkama. In bindigar soja ta sha kunya wajen tsuntsun da ya kusa kai tsawon mutum, da rana tsaka, ina dalilin sa rai ga bututun maƙeri a kan ɓera cikin duhu?

Wani kuma zai ɓata fuska ya ce yaya zan ɗaukaka kare, dabbar da ake kora daga bakin zaure. Sai in ce ya koma wajen malaminsa. Aya ta huɗu ta Suratul Ma'ida ta halatta abin da dabbar farauta da aka horar ta kamo, idan an ambaci sunan Allah, hadisai kuma sun yi rangwame ga karen farauta da na kiwo da na gona. Tsoron da ke da tushe shi ne na ciwon haukan kare, domin kusan duk mutanen da ke kamuwa da shi daga cizon kare suke samunsa. Wannan kuwa yana da rigakafi, kuma cibiyar binciken cututtukan dabbobi da ke Vom a Filato tana yin allurar. Bindigar da ke hannun wanda ya kwana bai yi barci ba ita ce har yanzu ba a samo wa allura ba.

Ban ce a zubar da bindiga a rijiya ba. Ranar da kura ta shigo garke tana da amfani, kuma ba a manta yadda mafarautan Adamawa suka taimaka wajen ƙwato Mubi a 2014 ba. Waɗannan maza ne, na cire musu hula. Maganata a kan ɓarayin rumbu take. Shi ƙaramin ɓeran da ke yaɗa zazzaɓin Lassa, cutar da aka fara ganowa a garin Lassa na Borno a 1969, macensa na haifar goma ko fiye a ciki ɗaya, cikin da bai kai wata guda ba. Ko ɗan firamare ya san harbi ɗaya ba zai kamo wannan lissafi ba. Kare ma rage su yake yi, sauran aikin na toshe rami ne da rufe hatsi da share bola. Masu cinna wa daji wuta don gafiya ɗaya kuwa, kowa ya ƙona rumbunsa ya san inda toka ke kuɗi.

Abin da ya rage shi ne rabon ganima, inda zaluncin ya fi fitowa fili: kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Mai bindiga ya ci nama, ya sha kirari a dandali, karen da ya yi aikin a jefa masa ƙanzo. Hatta dangin gafiyar da yake kora sun fi shi samun daraja, domin a 2020 wata ƙungiyar kula da dabbobi ta Ingila ta ba wata gafiya mai suna Magawa lambar zinariya saboda shinshino nakiyoyi a Kambodiya. Don haka, 'yan'uwana mafarauta, in za a fita neman gafiya bana, a rataye bindiga a ɗaka, a ɗauki fartanya da sanda, a kai kare a yi masa allura, kuma in an dawo a ba shi cinya guda tun kafin a fara busa ƙaho.