Yadda Ake Zana Miskili a Birnin Zazzau

Idan kai ne yaron nan da ya ƙoshi da karatun manga a waya, labaran zanen nan na Japan da ake bi daga dama zuwa hagu, har hannunka ya fara ƙaiƙayi kana son ka zana naka, na san jarumin da ke ranka. Shekarunsa 16, gashi ya rufe masa ido ɗaya, hannu cikin aljihu, duk wanda ya yi masa magana sai ya kau da kai. Marubutan littattafan soyayya sun daɗe da raɗa wa irinsa suna: miskili. Ina son miskili, kuma ina so naka ya rayu, don haka saurara kafin ka fiƙe fensir.

Fara da sauko da shi ƙasa. Masu zanen Japan na son ɗora shi a ƙololuwar bene iska na kaɗa masa riga. Kai ma za ka so ka tsayar da shi kan abin da ya rage na ganuwa wajen Ƙofar Gayan, to da hunturu mura zai kwaso, kuma babu miskilancin da ke jure atishawa. Bi da shi ta lungunan Kwarbai da hantsi, dattawa na zaune a ƙofar zaure. In ya wuce bai rusuna ba, kafin azahar maganar ta isa kunnen babansa, kafin la'asar goggonsa ta aiko da rubutun sha. Bazazzagi ba zai kira wannan natsuwa ba, rashin tarbiyya zai ce, ya rufe littafin. Bar jaruminka ya durƙusa, ya tambayi gajiya da iyali, in an ce masa yaya gida ya ce lafiya lau, alhali mai karatu ya san daren jiya gidan bai kwana lafiya ba. Wannan amsa ta fi harara goma nauyi.

Sai batun shekaru, inda matasan masu zane suka fi yin tuntuɓe. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, kuma Zariya ba ta rasa rimin da za a gwada. Hankalin dattijo saye ake yi, da tsada. Duba Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, ɗaya daga cikin littattafan gasar 1933 da Rupert East ya shirya daga hukumar fassara ta nan Zariya. Umar na ba da labarinsa cikin natsuwa, amma yana malami babba ne a gaban almajiransa, bayan an sace shi yana ƙarami, ya ƙetare sahara, mahaifiyarsa ta ƙare rayuwarta a nemansa. Mun yarda da natsuwarsa domin mun ga abin da ya biya. Itachi na cikin manga mai suna Naruto kuwa, wanda ya hallaka danginsa yana ɗan shekara 13 fuska ba motsi, sai da mai zanensa Masashi Kishimoto ya dawo bayan shekaru ya bayyana dalili, ya nuna hawayen da ya ɓoye a daren, sa'an nan ya zama mutum. Kai ba ka da shekara 15 irin waɗanda Naruto ya yi ana bugawa daga 1999 zuwa 2014. Nuna mana ciwon tun a shafukan farko.

In kuma dole yaro ne, bar masa yarintarsa. Mai zanen manga Hiromu Arakawa ta ba jaruminta Edward Elric muƙamin soja yana ɗan shekara 12, ya rasa hannu da ƙafa, amma ya ƙi jinin madara, kuma ka ce masa gajere ka ga tashin hankali. Naka ma ya iya haƙurin maraici, amma ya yi faɗa da ƙanwarsa kan ƙanzon tuwo.

Babbar taskarka tana cikin gidanku, ba sai ka je Tokyo ba. Dubi uwa da ɗan farinta. Ba ta kiran sunansa, ba ta wasa da shi a gaban mutane, in ya dawo daga tafiya kowa na murna ita tana can bakin murhu kamar ba ta ji sallama ba. Baƙo zai rantse ba ta damu da shi ba. Amma wa ya ɓoye masa tsokar nama a ƙasan miya? Wa ya kasa barci ranar da bai shigo da wuri ba? Kunya da kawaici da kara ba rashin ji ba ne, ji ne da ya yi yawa aka koya masa ladabi. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Abin da ya sa Frieren, jarumar manga da aka fara bugawa a 2020, ta kama zukata ke nan. Ta rayu fiye da shekara 1,000, tafiyar shekara 10 da abokanta ba ta ɗauke ta a bakin komai ba, sai da shekara 50 suka wuce, aka zo binne Himmel, ɗaya daga cikinsu, ta fashe da kuka don ba ta yi ƙoƙarin saninsa ba. Sanyin halinta na da dalili, kuma ya tsage a inda ya kamata.

Naka ma ya tsage, amma sau ɗaya, kuma ba a gaban taro ba. A zaman makoki ya karɓi ta'aziyya, ya amsa wa kowa, ya raka baƙi bakin zaure. Bayan sadakar bakwai, mutane sun watse, ya ɗauki butar mamacin zai yi alwala, a nan ne. In fuskar ta ƙi ba ka haɗin kai, zana hannunsa: yatsun da ke murza bakin riga, carbin da ya tsaya a ƙwaya ɗaya, kwanon abincin da aka mayar a rufe.

Kuma don Allah ka nema masa aboki mai surutu, kamar yadda aka haɗa miskili Sasuke da Naruto mai surutu. Ka sa abokin ya zama Bakano, ɗan wasan Zage-zagi tun kaka da kakanni, mai lasisin faɗa masa abin da ko ubansa ba zai faɗa ba. Zaunar da su a teburin mai shayi a Babban Dodo, Bakanon ya dube shi ya ce: "Kai bawana, wannan ɗaure fuskar ta jarumta ce ko kuɗin burodi ne babu?" Miskilinka zai cije leɓe, ya kalli gefe, kafaɗarsa ta soma rawa. Ba wa wannan dariyar da ta ƙwace masa shafi guda cur, kada ka yi mata rowar tawada.