Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Hajiya Manhajar Tocila

Ranki ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan kina cikin ƙoshin caji, na rubuto ne da godiya da kuma ƙorafi, tunda gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Godiyar tukuna. Daren da aka ɗauke wuta ina tsakiyar cin tuwo, ke kika nuna mini inda miyar take. Ke kika tona asirin kunamar da ta kwana a takalmina. Da asubar damina ke ce kike raka ni masallaci, kina raba ni da kwata. Mai shayin unguwarmu da ke yake ƙirga canji, bakanike kuma ya cije waya a baki ya leƙa ƙarƙashin mota. Wanda ya raina wannan hidima bai taɓa neman makulli a duhu ba.

To amma Hajiya, ina kika samo kwaɗayi? Na san danginki kaf. Kakarki aci-balbal mai kawai take sha. Gwaggonki fitilar ƙwai kananzir da lagwani sun ishe ta. Yayarki da ke goshin Nokia 1100, wadda ta fito a 2003, danna maɓalli ɗaya ne ta haska, ba ta taɓa tambayata sunan matata ba. Ke kuwa ranar da na sauko da ke sai kika shimfiɗa sharuɗɗa kamar masu karɓar lefe: kina son lambobin mutanena, kina son sanin inda nake, kina son makirfo. Na kyamara na yi miki uzuri, domin ɗan ƙwan da kike haskawa da shi na kyamarar ne, dole ki nemi aro. Amma lambar surukata fa? Ita ma haska ta za ki yi?

Da na bincika sai na ga ruwa ba ya tsami banza. A Disambar 2013 hukumar kula da cinikayya ta Amurka ta tuhumi masu wata 'yar'uwarki, Brightest Flashlight Free, da miƙa wa 'yan talla bayanin inda masu amfani da ita suke ba tare da sun gaya musu ba. A 2019 kamfanin Avast ya duba irinki 937, ya tarar da wasu na neman izini har 77. Don kunna ƙwai guda ɗaya! Ashe muna haska hanya da ke, ke kuma kina haska mu ga wasu.

Ga kuma talla. Na ji motsi a tsakar gida da ƙarfe biyun dare, na taɓa ki cikin gaggawa, sai kika ce in dakata in kalli wasan jera alewa. Da ɓarawo ne, da ya kwashe awakin har ya dawo ɗaukar turke. In kuma na manta ki a kunne cikin aljihu, kafin in farga kin shanye cajin da na biya kuɗi aka yi mini a shago, wayar ta yi zafi kamar tanda.

Abin da ya ƙarasa yanke mini shawara shi ne, tun 2013 iPhone ta saka tocila a jikinta, Android ma ta bi sahu a 2014. Jawo allo kawai, haske ya fito, ba talla, ba tambaya. Ashe na shekara ina ciyar da baƙuwa alhali 'yar gida na zaune tana jiran a kira ta.

Don haka ga takardar sallama. Ki gai da maƙwabtanki, mai "wanke waya" da mai "ƙara ƙarfin batir", ki ce musu su fara ɗaure kaya. Kalkuleta kam tana nan daram, don har yau ba ta tambaye ni komai ba sai lissafi.

Naki mai saura kashi 4 na caji,
Wani mazaunin lungu.