Yadda Ake Sa Doki Sukuwa a Cikin Katin Barka da Sallah

Saƙon Barka da Sallah na waya mutum ɗaya ke rubuta shi, gari guda ya yi ta tura wa juna, har ya kewayo ya dawo wa mai shi kafin a sauko daga Idi. Katin da ka yi da hannunka kuwa, wanda ake jan wani ɗan harshe doki ya ruga, shi ne Goggo za ta adana a kwalla tare da turarenta, tana fito da shi tana nuna wa baƙi har Babbar Sallah. Sai dai fa ka sani, kati mai motsi hannu ne ke karanta shi kafin ido, don haka ka gina shi daidai ƙarfin hannayen gidanku.

Kafin komai, kada ka kuskura ka taɓa almakashin ɗinkin Inna. Takarda tana dakushe kaifi, kuma ranar da ta zo yanka atamfa ya riƙa tauna ta, ba sai an yi cigiya ba, an san mai laifi. Sayi naka. Ka haɗa da sabuwar reza, rula, fensir, gam, da biron da tawadarsa ta ƙare. Wannan mataccen biro shi ne babban ma'aikaci: duk inda za ka ninke, ka aza rula ka bi layin da bakinsa tukuna, kwalin zai karye a miƙe ba tare da ya tsattsage ba. Kwalin kuma ya zama mai ɗan kauri, irin na tsohuwar kalanda ko katunan gayyatar biki da suka taru a durowa. In saya za ka yi, ce wa mai shago ya ba ka mai nauyin giram 200 zuwa 250.

Fara da mai sauƙi, wanda hoto ke miƙewa tsaye idan an buɗe. Ninke kwali girman A4 gida biyu. Daga bakin ninkin, yi tsaga biyu a jere, kowacce tsawon santimita 3, da tazarar santimita 2 a tsakaninsu. Tura abin da ke tsakiya zuwa ciki, za ka ga ya zama 'yar matakala. A goshinta za ka manna masallaci, ko rago in Layya ce. Lissafin guda ɗaya ne: daga ninki zuwa bakin kati santimita 14.8 ne, matakala ta cinye 3, saboda haka hoton kada ya wuce 11. In ka zarce, ƙahon rago zai leƙo waje tun ana rufe, ya tona asirin kyautar kafin a buɗe.

Yanzu sai doki, kuma a nan ne aikin yake. Zana doki da mahayinsa mai rawani a wani kwali dabam, ka yanke shi. Idan dokin ya fito kamar jaki, ƙara masa jalala da tunjimi, ado yana rufe abubuwa da yawa. A fuskar katin ka tsaga hanya a kwance, tsawon santimita 8. A bayanta za ka shimfiɗa doguwar tsiri mai faɗin santimita 2, wadda ka ninka biyu ka manne don ta yi ƙwari, ƙarshenta ya leƙo ta gefen kati inda yatsa zai kama. Sai ka yanko ɗan guntun kwali ya zama wuya: gindinsa a manne da tsirin, ya ratso ta cikin tsagar, kansa a manne da cikin doki. Ja tsiri, doki ya taho. Tura, ya koma.

Abu biyu ne ke raba dokin da zai ga baɗi da wanda zai mutu ranar Sallah da hantsi. Na farko, ka ɗora wa tsirin 'yan madaurai biyu na takarda a baya, su rungume ta ba tare da sun shaƙe ta ba, don kada ta karkace. Na biyu, ka manna mata 'yan kunnuwa da za su tokare da maɗauri idan an kai ƙarshe. Su ne linzami. Da su dokinka zai tsaya cak irin tsayuwar masu jahi a gaban Sarki ranar Hawan Daushe. In babu su, Auta zai ja da ƙarfin tuwon Sallah, tsiri ta fito a hannunsa, mahayi ya tsinke, kuka ya tashi. Gam kuwa a taɓa shi kaɗan da tsinken tsintsiya, kada ɗigo ɗaya ya sauka a kan hanyar doki. Ka riƙa motsa tsirin yayin da yake bushewa, sannan ka rufe bayan da wani kwali, kana shafa gam a gefe-gefe kawai.

Kada wani ya ce maka wannan wasan yara ne. Lothar Meggendorfer, mai zane a birnin Munich na Jamus, wanda ya rayu daga 1847 zuwa 1925, da irin wannan tsiri ya yi suna. Yakan ɓoye 'yan sanduna na kwali masu gaɓoɓin waya a bayan shafi, ta yadda ja ɗaya zai motsa hannu da kai da ƙafa gaba ɗaya. Shi kansa katin gaisuwa na sayarwa, wanda Henry Cole ya sa aka buga guda 1,000 a Landan a 1843 don Kirsimeti, ana sayar da kowanne sule ɗaya, ko gezau ba ya yi. Ka ga naka ya riga ya fi nasa rai.

Ga Kaka, wadda ba ta son hayaniyar dawaki, yi mata faifai mai juyawa. Wannan ya girmi sauran nesa ba kusa ba, don tun ƙarni na 13 wani malamin coci a Ingila, Matthew Paris, ya liƙa irinsa a littafinsa don lissafin ranar Ista. Yanke da'ira da bakin kofi, ka zana wata a kewayenta daga jinjiri har ya cika. Huda 'yar taga a fuskar kati, ka sa faifan a baya, gefensa ya ɗan leƙo don babban yatsa. A tsakiya ka ɗinke maɓallai biyu, ɗaya gaba ɗaya baya, zaren da ɗan sassauci. Tana juyawa, jinjirin watan Shawwal zai bayyana a taga, kuma wannan karon babu mai gardama a kan ganinsa.

Ka rubuta gaisuwarka tun kafin ka manna komai, domin rubutu a kan tudun tsiri yana sa hannun malami ma ya karkace. In Kaka ajami take karantawa, da ajami za ka rubuta mata. Ka danne katin a ƙarƙashin babban littafi ya kwana, musamman da damina da kwali ke son lanƙwasa, kuma nesa da inda akuya ke kaiwa. Da safe ka miƙa wa yaro ɗan shekara biyar ya gwada, ka juya baya ka ƙirga ashirin. In doki ya tsira, sa shi a ambulan. Kuma ka zana 'yar kibiya a bakin tsirin ka rubuta "ja nan a hankali", don Kawu zai ɗauka kuɗi ka ɓoye a ciki, ya nemi ɓare katin gaba ɗaya.