Makaɗin Ƙudan Zuma

A 1978 Irwin Allen ya fitar da fim mai suna The Swarm, labarin ƙudan zuma da suka far wa jihar Texas ta Amurka. Ba ƙaramar ɓarna suka yi ba. Sun kayar da jirage masu saukar ungulu, sun sa jirgin ƙasa ya hantsila, har tashar nukiliya sai da ta tarwatse saboda su. Da abin ya ishi sojoji, sai suka cinna wa birnin Houston wuta. Jarumin fim ɗin, Michael Caine, kuwa yana gefe, fuska a murtuke, yana ta daka wa janar ɗin sojojin tsawa.

To wa aka ɗauko ya yi kiɗan wannan shirme? Jerry Goldsmith, wanda a 1977 ya karɓi kyautar Oscar saboda kiɗan fim ɗin The Omen. Bawan Allah ko kaɗan bai raina aikin ba. Ya sa masu goge suna gurnani irin na taron zuma, masu busa na amsawa, ganguna na rugugi daga baya. Ka rufe ido ka saurara, sai ka rantse tashin duniya ne. Ka buɗe, ka ga manyan taurari suna gudu suna kaɗa hannu. Tamkar an gayyaci Shata bikin da ango ya tsere.

Fim ya faɗi warwas a kasuwa, masu sharhi suka yi masa kaca-kaca, amma masoya kiɗa na ta neman faifan. Da lokacin Oscar ya zo, an saka fim ɗin takara a rukuni ɗaya tak, kuma ba na kiɗa ba ne. Na ɗinkin kaya ne.