Yadda Ake Ƙarasa Zangon Karatu a Alƙahira Ba a Bar Akwati a Filin Jirgi Ba

Ba sai ka duba kalanda ba kafin ka san zangon karatu ya zo ƙarshe a Alƙahira. Leƙa inda ɗalibanmu ke girki a Hayyul Ashir ko a Madinatul Bu'us da ke Abbasiyya. In ka tarar an kife kwalbar yajin da aka zo da ita daga gida ana bubbuga gindinta a kan shinkafa, kilishi ya zama labari, garin kuka kuma sai da cokalin shayi ake auna shi, to Janairu ta kama, jarrabawa na bakin ƙofa. A wannan lokaci duk wanda ya rage da ƙullin daddawa uku ya zama babban mutum. Har waɗanda ba su taɓa sanin lambar ɗakinsa ba za su fara zuwa gaishe shi da kwana.

Ƙannena, ko zango ɗaya aka turo ku koyon Larabci, ko kuna cikin dogon karatu a Azhar kuna shirin leƙa gida hutu, makonnin nan na ƙarshe suna da ƙa'ida. In kai ne mai daddawar, ka raba. Wanda ka sa wa a miya yau, wataƙila shi ne mai muzakkirar da za ta fitar da kai gobe.

Muzakkira, wato rubutaccen taƙaitawar darussa, ita ce maganar farko. Kowane aji yana da ɗalibi guda mai kyan rubutu wanda bai taɓa fashin lacca ba, mai zama a layin gaba, wanda ya san inda malami ya ce a ja layi da inda ya ce an cire daga muƙarrari, wato manhaja. Nemi wannan bawan Allah tun yanzu, ka gaishe shi da ladabi, ka saya masa koshari babban kwano, da ƙarin soyayyar albasa. Kada ka bari sai daren jarrabawa, lokacin da layin shagon kwafi ya kai bakin titi. Sannan ka yi hankali da bargo. Sanyin Alƙahira a Janairu kan sauka wajen digiri 10 da dare, gidajen kuma daɓen tayil ne ba abin ɗumama ɗaki, saboda haka wanda ya saba da hunturun Kano ma sai ya ji a jikinsa. Duk ɗalibin da ya ce zai shiga bargo da littafin Nahawu ya ɗan yi bita, kiran sallar asuba ne zai tashe shi, littafin na buɗe a shafin da ya fara. Zauna kan kujera, sa safa biyu, dafa shayi. Haddar da za a tambaye ka a jarrabawar baka kuwa, samo wanda zai riƙa saurare yana kama ka, domin ayar da ke zuba a ɗaki takan maƙale a gaban shehi. Iyayenka ba su sayar da hatsi da tumaki don ka kawo musu sakamakon maƙbul, na da ƙyar, ba alhali kana iya jayyid jiddan.

Kafin ka rubuta takarda ta ƙarshe, buɗe fasfonka ka duba ranar ƙarewar iƙamarka. Ba a fafe gora ranar tafiya. Aikin takarda a Masar yana da aminiya mai suna bukra, wato gobe, kuma ba ta gaggawa. Fara zirga-zirgar da wuri, ka tafi da hotuna da kwafin komai fiye da yadda aka ce, da ruwan sha, da haƙuri.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Ranar da aka gama jarrabawa, kada ka wuce kasuwa kai tsaye, kada kuma ka kwanta barcin kwana uku. Fita ka ga ƙasar da ka zauna a ciki. Abin takaici ne ɗalibi ya yi wata huɗu ko shekara huɗu a Masar, abin da ya sani bai wuce hanyar ɗakinsa zuwa aji da shagon mai gurasa ba, ya koma gida ƙanensa ɗan firamare ya tambaye shi yadda dalar Fir'auna take, ya ce ya hango ta ta tagar mota.

Je Giza da sassafe, katin ɗalibtarka a aljihu, domin a wuraren tarihi ana yi wa ɗalibi ragi mai kyau, galibi rabin kuɗi. Ka tsaya a gindin babbar dalar da ta haura shekara 4,500 a tsaye, ka ɗaga kai har hularka ta faɗi. Masu raƙuma za su kewaye ka da fara'a, su kira ka ɗan'uwa, su yabi ƙasarku. Amsa da fara'a, amma kafin ka ɗora ƙafa ka yi ciniki biyu: kuɗin hawa da kuɗin sauka. Wanda ya yi cinikin hawa kaɗai zai gane cewa raƙumi dogo ne, kuma ba ya durƙusawa sai ubangidansa ya ce. Ɗan Agadas ko ɗan Maigatari da ya tashi cikin raƙuma yana iya tsallake wannan darasi, ya riƙe wa abokansa waya ya ɗauki hoto.

Mai ɗan abin hannu ya shiga jirgin ƙasa a tashar Ramsis zuwa Iskandariyya, tafiyar kamar awa uku. A can akwai Bahar Rum, da ganuwar Ƙaitbai da aka gina a ƙarni na 15 a inda tsohuwar hasumiyar fitilar teku take, da sabon ɗakin karatun da aka buɗe a 2002. Ka ci kifi, ka riƙe hularka saboda iska. Mai ƙarfin hali ya bi jirgin dare zuwa Luksor da Aswan, ya kwana a zaune ya wayi gari yana kallon Nilu da gonakin rake. Ku tafi ku huɗu ko biyar, ku naɗa ma'aji mai tsantseni, wanda ba ya jin kunyar tambayar direba nawa ne tun kafin a shiga mota.

In kuwa aljihu ya bushe ƙurmus, ba ka da uzuri duk da haka, domin mafi daɗin yawon Alƙahira ƙafa da tikitin metro kawai yake ci. 'Yan'uwa mata ma suna da taragonsu na daban a jirgin. Fara daga Masallacin Azhar, wanda aka soma gininsa a 970, ka zauna a farfajiyarsa ba don darasi ba, don kallo kawai. Wuce Masallacin Ibn Ɗulun ka hau hasumiyarsa mai matakala a waje. Gangara Fusɗaɗ ka yi sallah a masallacin Amr ɗan Asi, na farko da aka gina a Masar. Ziyarci kabarin Imam Shafi'i, wanda ya rasu a 820. Kana tafe kana tuna cewa ba kai ne ɗan ƙasarmu na farko a waɗannan lungunan ba. 'Yan Barno sun taɓa samun ruwaƙinsu, wato masaukin ɗalibai, na musamman a Azhar, Imam Suyuɗi ya aika wa sarakunan Katsina da Agadas wasiƙa daga wannan gari, kuma a nan malamin lissafin nan Muhammadu al-Katsinawi ya rasu a 1741. Mutanenmu na da a ƙafa da bayan raƙumi suka ƙetaro hamada. Kai da ka zo a jirgin sama, ka ɗan motsa.

Sai maganar tsaraba, wadda ke sa ɗalibi rama fiye da jarrabawa. Da zarar labari ya bazu a gida cewa kana tafe, WhatsApp ɗinka zai cika da gaisuwa. Gwaggo tana son abaya mai duwatsu, kawu jallabiya fara, yaya turare, maƙwabcin da rabonka da shi tun kana sakandare yana son man habbatus sauda lita guda, kowa kuma zai rufe da cewa ai ba wani abu ba ne, in ka dawo ma yi lissafi. Ka tuna Mansa Musa na Mali. A 1324 ya shigo Alƙahira da zinariyar da ta karya farashi a kasuwa, amma kan hanyarsa ta komawa daga hajji sai da ya ci bashi wajen fataken Alƙahira. In kasuwar nan ta ƙarar da guzurin sarki, me za ta yi wa kuɗin alawus? Rubuta suna a takarda: mahaifiya, mahaifi, malaminka na allo, sannan sauran. Na farkon su samu abu mai kyau. Sauran carbi, turare ƙaramar kwalba da dabino sun wadatar, kuma wallahi za su sa albarka.

Khan Khalili wurin kallo ne da ɗaukar hoto, farashinsa na 'yan yawon buɗe ido ne. Sayayyar ɗalibi tana Ataba da Muski. In mai kaya ya faɗi kuɗi, kada ka nuna ka ƙyasa. Taya ƙasa sosai, ka yi sallama ka juya. Yawanci kafin ka yi taku goma za a kira ka. Duk wanda ya taɓa ciniki a Kantin Kwari ya riga ya sauke wannan karatu.

Littattafai su ne tarkon da ba a jin zafin faɗawa cikinsa. Baje kolin littattafai na Alƙahira, wanda ake yi tun 1969, yana faɗowa ne a ƙarshen Janairu, daidai lokacin hutu, ga kuma shagunan Darbul Atrak a bayan Azhar da 'yan gwanjon Azbakiyya. Za ka ga tafsiri mujalladi ashirin a farashin da zai sa hannunka rawa. Saya, ban hana ka ba, domin littafi shi ne tsarabar da ta fi daɗewa. Amma takarda tana da nauyi, kuma yawancin tikiti akwati biyu yake ba ka, kowanne kilo 23. Duba naka, ka ari sikelin hannu ka auna a ɗaki. In ba haka ba za a gan ka a filin jirgi ka durƙusa gaban buɗaɗɗen akwati, ka sa jallabiya uku da rigar sanyi a kai, kana zufa, kana neman wanda zai riƙe maka mujalladi na sha ɗaya zuwa na ashirin. Abin da ya yi yawa, haɗa da na abokai ku aika ta kago tun da saura mako biyu.

A daren tafiya kuma 'yan'uwa za su zo da ɗan saƙo. Ɗan saƙon ɗalibi bai taɓa gaza kilo biyu ba. Karɓi abin da za ka iya, amma a nan babu wasa: duk ƙullin da aka ba ka, a kwance shi a gabanka ka ga abin da ke ciki, ko da na amininka ne, musamman magani. Jami'in filin jirgi ba ya tambayar wanda ya ba ka, wanda ke riƙe da kaya yake kamawa.

Kafin ka ja akwati, zagaya unguwa. Biya mai kantin da ya rubuta maka gurasa da ƙwai a littafin bashi ranar da kuɗin gida suka makara. Cika kuɗin wuta da na gas, kada ka bar wa abokan ɗakinka. Sallami bawwabi, mai gadin gidanku, da ɗan alheri, ka je ka yi wa malamanka ban kwana ka nemi addu'arsu, ka yafe wa wanda ya cinye maka kilishi. Bargonka da tukunyarka ka miƙa wa sabon ɗalibin da ya sauka bana, domin sanyi bai ƙare ba sai Maris. In kuma za ka dawo zango na biyu, ka bar wuri a akwati: muna jiran yaji da daddawa. Allah ya ba da sa'ar jarrabawa, ya kai ku gida lafiya.