Guntun madobiya da aka aiko mini

Mu fa a layinmu, da zarar an idar da la'asar an kashe injunan juya katako, hirar rumfar Baba ba ta wuce ta itace. Wa ya samo kirya, wa ya ɓoye kanya tun bara, wa yake bin wa guntun maɗaci. Baƙo zai ɗauka ciniki ake yi, alhali ko sisi ba ya shiga tsakani. Musaya ce zalla: ka ba ni abin da na rasa, in ba ka abin da ya yi mini yawa.

Dole ce ma ta sa. Idan ka je 'Yan Katako a Na'ibawa, katakon rufi da na gado sai wanda ka zaɓa. Amma guntu mai kauri wanda ya bushe har cikin zuciyarsa, irin wanda za a ɗora a inji a fitar da akushi ko ƙafar kujera, wannan sai a hannun ɗan'uwa. Lissafin da muka gada shi ne kowane inci ɗaya na kauri yana cin kusan shekara guda kafin ya bushe. Don haka wanda ya miƙo maka guntu mai inci uku, ajiyar shekara uku ya ba ka, ya kare shi daga gara, ya shafe bakinsa da kakin zuma don kada ya tsage.

Baba ba ya karɓar itace sai ya yi masa gwajinsa. Zai ɗaga shi ya ji nauyi, ya ɗora tafin hannu a kai ya ji ko da sanyi, sannan ya ƙwanƙwasa shi da ƙotar gizago ya kasa kunne. Busasshe yana amsawa tas, ɗanye kuwa sai ka ji dum. To, wanda aka aiko maka a mota daga wani gari fa, ta yaya za ka ƙwanƙwasa shi? Hoto kawai ka gani a waya, kuma hoto ba ya nuna ruwan da ke ciki.

Ni ma abin ya taɓa faɗo mini. Wani abokin sana'a daga gabas ya ce yana da madobiya, zai ba ni in ba shi kanyata. Na yi murna ƙwarai, domin madobiya ta zama gwal tun da aka riƙa lodinta daga dazukan Taraba zuwa ƙasar Sin, har a 2016 aka sa ta cikin jerin itatuwan da duniya ke sa ido kan cinikinsu. Na kai tawa tasha na damƙa wa direba. Tasa ta iso bayan mako biyu, an shafe bakinta da fenti. Ina ɗora ta a inji, sai ga ɓawo yana fita dogo-dogo da laima, yana manne mini a hannu. Na daure na gama akushin. Kwana shida cikin iskar hunturu, ya dare tun daga baki har gindi. Na kira, ba a ɗauka ba. Na sake kira har na gaji.

Da na kai wa Baba akushin, ya daɗe yana juya shi kafin ya ce, "Ɗana, itacen nan ba shi da laifi. Da abokin naka ya gaya maka ɗanye ne, ai da ka jingine shi shekara biyu, ka ci moriyarsa." Gaskiyar Baba. Asarar kanyar ba ta ƙona mini rai kamar shirun ba.

Shi ya sa har gobe muke yabon wani yaro a layin nan. Ya karɓi marke da alkawarin kawo aduwa, irin wadda ake sassaƙa allo da ita, sai mahaifiyarsa ta kwanta rashin lafiya. Wata uku bai cika ba, amma kowace Juma'a sai ya leƙo ya ce, "Yaya, ban manta ba, a ƙara mini haƙuri." Yau ko injinka ya nema za ka ba shi.

Wani ƙanenmu mai bibiyar harkar ƙasashen waje yake gaya mana ashe Turawa ma haka suke. A Amurka masu juya katako suna da ƙungiya tun 1986, akasarinsu kuma don sha'awa suke yi. Masu yin alƙalamin katako a cikinsu sukan yi ƙuri'a, kowa ya ƙera wa wanda ya faɗo masa, ya aika ta gidan waya, ba tare da sun taɓa haɗuwa ba. Kukansu irin namu ne: wani ya karɓa ya yi ɗif. Baba ya ce, "To, su da ba su da rumfar da za a kalli idon mutum, ai sun fi mu ƙoƙari."

Mu dai a nan ba ma kai mai saɓa alkawari ƙara, ba ma kuma tona masa asiri a gaban yaransa. Sai dai ranar da aka sauke kirya mai kyau, ba za a aika a kira shi ba.

Don haka Malam, idan akwai itacen wani a hannunka kuma naka bai samu ba, don Allah ka taka ka gaya masa kafin a kira magariba.